Jijiya Kafin Tsoka: Yadda Ƙwaƙwalwa da Laka ke Sabawa da Horon Ƙarfi

Tsakure

Wanda ya fara ɗaga ƙarfe yakan ga nauyin da yake iya ɗauka ya ƙaru sosai cikin makonni uku ko huɗu na farko, alhali damtsensa yana nan yadda yake. Wannan maƙala ta bi sawun wannan ƙarfi zuwa inda ya fito, wato ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni. An kawo gwaje-gwajen da masana aikin jiki suka gudanar tun daga 1894, an kuma yi ƙoƙarin bayyana su da kalmomin Hausa, domin kalmar jijiya kanta tana ɗauke da ma'anoni uku da ke iya rikita bayani.

1.0 Gabatarwa

A tunanin yau da kullum, ƙarfi abu ne da ido ke iya aunawa. Idan aka ce wane ƙato ne, ko murɗaɗɗe, ko mai ƙirar samudawa, an riga an yanke hukunci kan abin da zai iya ɗauka tun bai sunkuya ba. Amma kasuwar hatsi tana ƙaryata wannan ma'auni kullum. A Dawanau ta Kano, za a ga ɗan dako siriri ya saɓa buhun masara ya hau da shi bayan tirela, buhun da wani ƙato mai aikin ofis ba zai iya raba shi da ƙasa ba. Idan aka tambayi dalili, sai a ce sabo ne.

Amsar daidai ce, sai dai ba ta faɗi inda sabon yake zaune a cikin jiki ba. Abin da masana aikin jiki suka gano shi ne, kaso mai yawa na wannan sabo yana cikin jijiyoyi. Tsoka ba ta motsi don raɗin kanta. Umarni take jira. Kafin horo ya ƙara mata kauri, sai ya fara gyara yadda ake ba ta umarnin.

2.0 Kalmar Jijiya da Ma'anoninta

Bahaushe yana kiran abubuwa uku da jijiya. Idan malamin asibiti yana laluben jijiya domin ya sa ƙarin ruwa, hanyar jini yake nema. Idan mai cin tsire ya ce naman duk jijiya ne, yana nufin farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Ta uku ita ce farin zare mai laushi da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka ya ratsa ko'ina a jiki, wanda idan ya tsinke gaɓa takan mutu ko da jini na gudana a cikinta. Ba Hausa kaɗai ke da wannan haɗi ba. Kalmar Girkanci da Turawa suka aro domin wannan zare, asalinta ma agara take nufi, har sai da Herophilus, wani likita a birnin Iskandariyya na Masar, ya rarrabe su kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A wannan maƙala, ta ukun ake nufi, kuma za a kira ta jijiyar saƙo. Jijiyoyin da ke tashi raɗa-raɗa a hannun mai ɗaga ƙarfe, waɗanda 'yan kallo ke ɗauka alamar ƙarfi, na jini ne, ba su cikin lissafi.

3.0 Hanyar da Umarni ke Bi

Niyyar ɗaga abu tana farawa a wani yanki na saman ƙwaƙwalwa mai kula da motsi. Daga nan saƙo, wanda ɗan bugun lantarki ne, yakan gangara ta gindin ƙwaƙwalwa, inda mafi yawan zarurrukan ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren. Shi ya sa idan jini ya toshe a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki na dama ke shanyewa. A cikin laka, saƙon yakan isa ga wata ƙwayar jijiya mai dogon zare da ke fita har cikin tsoka. A can zaren yakan yi rassa, kowane reshe ya sauka kan zaren tsoka ɗaya, ya saki wani sinadari mai suna asitilkolin, sai zaren ya tsuke.

Ƙwayar jijiya ɗaya tare da duk zarurrukan tsokar da ke ƙarƙashinta, su ne Liddell da Sherrington na Ingila suka ba suna guda a 1925. A nan za a kira su rukunin motsi. Girman rukuni ya bambanta ƙwarai. A tsokar da ke juya ido, ƙwaya ɗaya tana iya riƙe zare goma ko ƙasa da haka. A tsokar sha-raɓa, takan riƙe kusan 2,000. Kuma rukuni ba ya rabin aiki: idan bugu ya zo, duk zarurrukansa suna amsawa tare.

To, ta yaya hannu ɗaya ke iya ɗaukar ƙwai bai fasa ba, ya kuma ɗauki taɓarya? Hanyoyi biyu ne. Ta farko, yawan rukunonin da aka kira. Ta biyu, saurin bugun da ake aika wa kowanne. Aikin gayya ya isa misali: abin da za a nome ya dogara ga yawan majiya ƙarfin da suka amsa kira, da kuma saurin kiɗan da suke bi.

Kiran ma yana da tsari. Elwood Henneman na Jami'ar Harvard, a gwaje-gwajen da ya yi da kyanwoyi daga 1957 zuwa 1965, ya nuna cewa ƙananan rukunoni ake fara kira, sannan matsakaita, sannan manya. Ƙananan ba su da ƙarfi sosai amma suna da juriya; manyan suna da ƙarfi da sauri amma suna saurin gajiya. Ma'anar wannan ga horo babba ce. Mutumin da aikinsa bai wuce tafiya da ɗaukar jaka ba, zai iya shafe watanni bai taɓa kiran manyan rukunoninsa ba. Nauyi mai yawa, ko motsi na fizga, ko gajiyar da ta cinye ƙananan, su ne ke tilasta wa laka ta tashe su. A tsoka dai, sarkin yawa shi ne sarkin ƙarfi.

Shi kuwa saurin bugu, Adrian da Bronk ne suka fara auna shi a jikin ɗan'adam a 1929, da wata siririyar allura mai waya a ciki. Rukuni yakan fara aiki da bugu kamar biyar zuwa takwas a sakan, ya haura zuwa talatin ko hamsin idan an matsa. Idan bugu ya biyo bugu kafin zare ya saki, tsukewar takan hau kan tsukewa, ƙarfi ya ƙaru.

4.0 Hujjojin da ke Nuna Jijiya ce ke Fara Sauyawa

Aikin da aka fi ambato shi ne na Moritani da deVries (1979) a Amurka. Sun sa matasa maza da mata suna ɗaga nauyi da damtse ɗaya har makonni takwas, suna auna abubuwa uku: ƙarfi, da kaurin hannu, da yawan lantarkin da ke gudana a tsokar. Suka tarar a farkon horo ƙarfi yana hawa tare da lantarkin, kauri kuwa bai motsa ba. Sai bayan makonni uku zuwa biyar girman tsoka ya karɓi ragama. Kayan awon wancan zamani ba su da kaifi, kuma lantarkin da ake ɗauka ta saman fata abubuwa da yawa na iya gurɓata shi. Duk da haka, hoton da suka zana ya tsaya, domin hujjoji sun zo masa daga wasu ƙofofi dabam.

Ɗaya daga cikinsu gidan tsofaffi ne a birnin Boston. A 1990, Maria Fiatarone da abokan aikinta suka horar da mutum goma masu shekara 86 zuwa 96, suna miƙe gwiwa da nauyi har makonni takwas. Ƙarfin waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaicin lissafi, tsokar cinyarsu kuwa da kashi 9 kacal. Kashi tara na nama ba zai haifi ƙarfi kusan ninki uku ba. Wasu daga cikinsu sun ajiye sandar dogarawa.

Hujja ta gaba ta girmi duka. A 1894, a Jami'ar Yale, Edward Scripture da wasu mata biyu abokan bincikensa, Smith da Brown, suka wallafa cewa ɗaya daga cikinsu ta riƙa matsa wata robar awo da hannu ɗaya na 'yan kwanaki, sai aka tarar ɗaya hannun, wanda bai yi komai ba, shi ma ya ƙara ƙarfi. An maimaita wannan gwaji sau da dama daga baya. Da Munn da Herbert da Gandevia suka tattara sakamakon a 2004, sai suka samu gaɓar da ba a horar ba takan ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100. Tsokar wannan hannu ba ta ɗaga komai ba, ba ta kuma ƙara kauri ba. Abin da ya haɗa hannuwan biyu shi ne ƙwaƙwalwa da laka. Idan hannu ɗaya ya yunƙura da iyakar ƙarfinsa, ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ne ke aiki, kuma darasin da aka koya ba ya tsayawa a gefe guda.

Wadda ta fi ban mamaki ita ce ta Yue da Cole (1992) a Jami'ar Iowa. Sun raba mutane kashi uku. Kashin farko suna tura ƙaramin yatsa gefe da iyakar ƙarfinsu. Na biyu suna zaune shiru suna raya wannan turi a zuciya kawai, da na'ura a jikinsu tana tabbatar da tsokar ba ta motsa ba. Na uku ba su yin komai. Bayan makonni huɗu, ƙarfin na farko ya ƙaru da kashi 30, na masu rayawa da kashi 22, na ukun kuwa ƙasa da kashi 4. Ya kamata a yi hattara da wannan sakamako, domin masu tallar horo sun sha kambama shi. Tsokar ƙaramin yatsa ce, wadda mutane ba su saba tura ta gefe ba, don haka akwai fili mai yawa na koyo. Da aka gwada irin wannan a damtse a 2004, ƙarin bai kai kashi 14 ba. Rayawa a zuciya ba za ta mai da malami ɗan dako ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne, wani ɓangare na ƙarfi ana iya samunsa ba tare da tsoka ta yi aiki ba, kuma wannan ɓangare ba shi da mazauni sai jijiya.

5.0 Mene ne ke Sauyawa?

A nan ne ake yawan kuskure. An sha jin cewa mutum kashi kaɗan na tsokarsa yake amfani da shi, horo ne ke buɗe masa sauran. Tun a 1954 Patrick Merton ya gwada wannan a Ingila. Ya sa mutum ya matsa babban yatsa da iyakar ƙarfinsa, sannan ya aika bugun lantarki ta jijiyar daga waje. Da akwai rukunonin da ke barci, da bugun ya tashe su ƙarfi ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Awon da aka yi daga baya ya nuna mai lafiya, a motsi mai sauƙi na gaɓa ɗaya, yakan kira fiye da kashi 90 na abin da tsokarsa ke da shi. Ke nan ba wata rumbun ƙarfi a kulle. Sauyin yana cikin sauri da lokaci da haɗin kai.

Ta fuskar sauri, Del Vecchio da abokan aikinsa sun bi rukunoni ɗaiɗaiku a tsokar gaban ƙwauri kafin horo da bayan makonni huɗu, suka wallafa a 2019 cewa rukunonin sun koma amsa kira da wuri, kuma bugunsu ya ƙaru da kimanin uku a sakan. Kafin su, a 1998, Van Cutsem da Duchateau da Hainaut na Beljiyam sun horar da wannan tsoka da motsin fizga na makonni 12. Suka lura da wani abu: tagwayen bugu, wato bugu biyu manne da juna a farkon yunƙuri. Kafin horo, kimanin kashi 5 na rukunonin ke yin haka. Bayan horo, kusan kashi 33. Amfanin wannan ba a ɗaga nauyi a hankali yake ba. Yana ga ɗan kokawa da ke da ƙiftawar ido ya ɗaga abokin karawarsa, da kuma tsohuwar da ta yi tuntuɓe take buƙatar ƙafarta ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

Sai haɗin kai. Kowace gaɓa tana da tsokar da ke lanƙwasa ta da wadda ke miƙe ta. Sabon shiga yakan ƙanƙame duka biyun a lokaci ɗaya, saboda jiki yana tsoron gaɓar ta goce, sai ya zama ɗaya na ja ɗaya na riƙewa. Carolan da Cafarelli (1992) a Kanada sun auna wannan a cinya, suka ga tsokar baya ta rage gardama da ta gaba, kuma mafi yawan ragin ya auku ne a makon farko. Ban da wannan, akwai tsokokin baya da ciki da ƙugu da dole su kafe jiki a daidai lokacin, in ba haka ba ƙarfin ƙafa ba zai isa kafaɗa ba.

Wannan ne ya sa ƙarfi yake bin irin aikin da aka saba. Rutherford da Jones (1986) a Landan sun horar da matasa makonni 12 a kan na'urar miƙe gwiwa. Nauyin da suke ɗagawa a na'urar ya ninka fiye da sau biyu, amma da aka auna ƙarfin cinyar a tsaye, ba tare da motsin da suka saba ba, ƙarin bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Mafi yawan abin da suka samu iya ɗagawa ne, kamar yadda ake iya saƙa ko iya tuƙi. Saboda haka ɗan dakon Dawanau zai iya jin kunya a gidan motsa jiki, mai ɗaga ƙarfe kuma ya ji kunya a gaban buhu, ba tare da ɗayansu ya zama rago ba.

Game da ainihin wurin da sauyin ke aukuwa, an daɗe ana zuba ido kan babbar hanyar da ta taso daga saman ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa aikin yatsu mai laushi. A 2020, Glover da Baker na Jami'ar Newcastle suka koya wa birai biyu jan wani mariƙi mai nauyi, ana ƙara nauyin a hankali har tsawon makonni. Suka tarar hanyar da ta ƙara ƙarfi ita ce wata tsohuwa da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, mai kula da tsayuwa da manyan motsi. Birai biyu ba su isa a yanke hukunci kan ɗan'adam ba, amma sakamakon yana da ma'ana, musamman da yake wannan hanya tana aika rassa ga ɓangarorin jiki biyu.

6.0 Ihu da Kirari

Akwai wani gwaji da ya kamata ya ja hankalin manazarta al'ada. A 1961, Ikai da Steinhaus suka sa mutane suna jan wani ma'auni da damtse. Wani lokaci sai a harba bindiga a bayansu 'yan sakanni kafin su ja, wani lokaci a ce su kurma ihu da kansu. Ƙarar bindiga ta ƙara ƙarfin ja da kimanin kashi 7, ihu kuma da kimanin kashi 12. Tsoka ba ta girma cikin sakan biyar. Abin da ya faru shi ne, ƙwaƙwalwa ta sassauta linzamin da ta saba ja.

Wanda ya san fagen dambe da kokawa a ƙasar Hausa zai gane wannan yanayi. Ɗan dambe ba ya shiga fage shiru. Sai makaɗi ya kaɗa masa takensa, ya yi kirari, jikinsa ya ɗauki tsuma. Haka makaɗa irin su Ɗan'anace suka yi wa su Shago, haka kuma gangar noma ke yi wa manoma a gayya. Manazarta adabi sun saba duban kirari ta fuskar salo da jigo da zuga. Yana da kyau a ƙara masa wata fuska: magana ce da ke sauka a kan laka, ta sauya yawan bugun da ke isa ga tsoka. Sai dai irin wannan ƙari na ɗan lokaci ne, da tsuma ta sauka ya tafi. Wanda horo ke kawowa shi ke zama.

7.0 Mai Karaya da Sabon Shiga

Abin da jijiya ta koya da aiki, takan mance shi da zama. Brian Clark da abokan aikinsa a Jami'ar Ohio sun ɗaure wuyan hannun mutane masu lafiya da filasta na makonni huɗu, suka wallafa sakamakon a 2014. Waɗanda aka bari haka nan sun rasa kashi 45 na ƙarfinsu. Waɗanda aka sa suna raya matsa hannun a zuciya sun rasa kashi 24. A 2009 kuma, Farthing da abokansa a Kanada sun ɗaure hannun hagu na makonni uku, suka sa wasu suna horar da na dama. Waɗannan sun fito da ƙarfin hagunsu bai ragu ba, sauran kuwa ya ragu.

Wannan bayani yana da amfani ga duk mai jinyar karaya, ko filasta aka sa masa a asibiti ko karare aka ɗaura masa wurin maɗori. Abin da aka saba shi ne majinyaci ya kwanta ɗungurungum har ƙashi ya kama. Raunin da yake tashi da shi ba na ramewar tsoka ba ne kaɗai. Hanyar saƙon ma ta yi ciyawa. Horar da lafiyayyar gaɓa a lokacin jinya, bisa shawarar likitan gashi, ba ya taɓa wurin karayar, ba ya kuma buƙatar kuɗi.

Shi kuwa matashin da ya fara ɗaga ƙarfe, haɗarinsa a kishiyar wannan yake. Jijiyar saƙo takan saba cikin makonni, tsoka ta biyo baya, agara da ƙashi kuwa sai an ba su watanni. A mako na huɗu zai ji yana iya ɗaukar ninkin abin da ya fara da shi, kuma da gaske yana iyawa, amma igiyoyin da ke riƙe da gwiwarsa da kafaɗarsa har yanzu na ranar farko ne. Kumburin da yake gani a damtse a waɗannan makonni ma, kamar yadda Damas da abokan aikinsa suka nuna a Brazil a 2016, mafi yawansa ruwa ne da ya taru saboda ƙananan raunuka a cikin tsoka, sabon nama bai riga ya fito ba.